Kurmin da Ya Rage a Gefen Tsaunin Mambila



Sharhinmu na yau tafiya ce, kuma duk wanda zai biyo ni ya nemi rigar sanyi ya riƙe a hannu. Na san akwai mai saurarona a Sakkwato ko Nguru da ke zaune a inuwar darbejiya yana fifita, yana jin maganar rigar sanyi kamar almara. To inda za mu a cikin Najeriyar nan yake, amma ko a tsakiyar bazara sai an rufa ake barci. Tsaunin Mambila za mu hau, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mu leƙa wani gandun daji da ake kira Ngel Nyaki. Na je, na kwana a bakinsa, na shiga cikinsa da ƙafata, kuma tun da na sauko akwai maganar da ke cina, wadda nake so mu yi da ku yau.

Hanyar tana da tsawo. Daga Jalingo ake kama kudu, a wuce Bali, a iso Serti, garin da hedkwatar babban gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti take. Wannan shi ne mafi girma a duk Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Amma yau wuce shi za mu yi. Gaba da Serti akwai Mayo Selbe a gindin tsauni, kuma a nan ne hira ke ƙarewa a cikin mota. Direba ya sa ƙaramar giya, hanya ta fara naɗewa kamar rawani, dutse a wannan hannu, rami mai zurfi a wancan. Wanda ke surutu tun daga Bali sai ka ji ya koma salati. Kunnuwa su toshe, iska ta canza, wani ya ce a ɗaga gilashi. Kafin ka ankara kun kai Maisamari, kun hau.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki a saman shi ne babu daji. Tuddai ne lulluɓe da ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, ga shanu masu ƙiba a warwatse, ga rukunin itatuwan turare da mutane suka dasa a gefen garuruwa domin makamashi da katako. Can gaba akwai gonakin ganyen shayi na Kakara, akwai Nguroje, akwai Gembu. Ƙasa ce mai kyau wadda ba ta yi kama da ko'ina a Arewa ba. Bari ma in ɗan ratse: wannan yanki ba ya cikin Najeriya ranar da aka sami 'yancin kai. Jamus ta fara riƙe shi cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Birtaniya a matsayin riƙon amana, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya. Daga nan aka raɗa wa lardin suna Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello, sunan da ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi har yau.

Tsakanin Maisamari da Nguroje akwai ƙauyen Yelwa. Nan ake sauka. Ka gaida manyan gari tukuna, kamar yadda ake yi a ko'ina mutum ya je baƙunta, sannan ka kama hanya da ƙafa cikin ciyawa, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. Kana tafiya kana waige-waige, kana tambayar kanka ina dajin da aka ce. Babu alamarsa. Sai kawai ƙasa ta yanke a gabanka, ka tsaya a bakin gangare, ka dubi ƙasa. Ga shi nan. Kawunan manyan itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka, kore shar, cunkushe, gajimare na yawo a tsakaninsu kamar hayaƙin murhu da asuba. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Mu da muka saba ɗaga kai mu kalli itace, ranar nan sunkuyar da kai na yi na kalli kurmi daga bisa.

Ga lissafin wurin, don mai sauraro ya riƙe. A 1969 hukuma ta keɓe shi a matsayin gandun daji, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46, kuma yanzu yana ƙarƙashin kulawar jihar Taraba. Sai dai mafi yawan wannan fili ciyawa ce da ƙananan itatuwa. Ainihin kurmin, idan aka haɗa Ngel Nyaki da ɗan'uwansa da ke kusa, Kurmin Danko, bai wuce murabba'in kilomita 7 da 'yan kai ba. Yana manne a jikin gangaren tsauni, tsakanin mita 1,400 zuwa 1,600 daga doron teku. Shi ke nan. Akwai unguwanni a Kano da suka fi shi faɗi. Amma irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, domin kurmin kan tsauni daban yake da na kudu. Kamar tsibiri yake, sai dai ba ruwa ne ya kewaye shi ba, zafi ne ta ƙasa, ciyawa da wuta ta sama. Itatuwa da tsuntsayen da ke cikinsa danginsu na can a tsaunukan Bamenda na Kamaru, wasu ma har a duwatsun gabashin Afirka. Ba za su rayu a Jalingo ba, balle a Katsina. Idan wannan ɗan wuri ya ƙare, ba su da maƙwabcin da za su ƙaura gidansa.

Washegari da sassafe wani saurayi ɗan Yelwa, cikin masu aiki a tashar bincike da ke bakin dajin, ya shige gaba muka gangara. Taku goma daga ciyawa, duniya ta sauya. Haske ya ragu kamar an shiga soro. Ƙasa a jiƙe, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye na tashi, gansakuka ta lulluɓe jikin itatuwa, igiyoyin daji masu kaurin hannu na reto daga sama. Akwai itatuwan da saiwarsu ta fito waje ta yi fuka-fuki kamar katanga, mutum zai tsaya a bayanta ba a gan shi ba. Gangaren da santsi, kuma ba ya wasa. Ina ta laluben abin riƙewa, sai saurayin ya juyo ya ce, "Baba, riƙe wannan saiwar, wancan da ƙaya. Kuma a rage murya, suna kusa."

Na ce, "Su wa, ɗana?"

Ya nuna sama da leɓe. Na ɗaga kai ban ga komai ba sai ganye. Can sai reshe ya girgiza, na hango baƙin biri mai farin tabo a hanci kamar wanda aka ɗiga masa alli, yana kallonmu. Ɗaya, biyu, sai ga garke guda suna tsallake daga itace zuwa itace. Na manta da gargaɗin, na ɗaga murya don in nuna wa abokin tafiyata, nan take suka ɓace. Saurayin bai ce mini komai ba, amma na ga fuskarsa, na kuma ji nauyin abin da na yi. Aikinsa ke nan na safiyar, ya bi su ya rubuta abin da suke ci, ni kuma na kore masa su da baki ɗaya.

Mun ci gaba, sai ya tsaya ƙarƙashin wani itace ya nuna mini wani tarin rassa da aka lanƙwasa aka saƙa can sama, kamar sheƙar shamuwa amma ta fi ta faɗi. Ya ce gadon cimfanzi ne, wato babban birin nan mai kama da mutum. Kowane dare sabo suke yi, su kwana su bar shi. Irin da ke nan shi ne na Najeriya da Kamaru, wanda ya fi ƙaranci cikin ire-iren cimfanzi huɗu da ke duniya, 'yan wannan iri gaba ɗayansu ba su kai 10,000 ba. Mafi yawan na Najeriya suna Gashaka-Gumti. Na Ngel Nyaki kuwa 'yan kaɗan ne, ƙidayar da aka yi ta hanyar lissafa gadajensu ta nuna ba su kai 20 ba. Da wuya baƙo ya gan su, kuma ni ban gan su ba. Na dai ji ihunsu sau ɗaya daga ƙasan kwari, ihun da ya tayar mini da tsikar jiki. Masu bincike sun tsinci sandunan da waɗannan halittu ke karyowa su gyara bakinsu, su zura cikin ramin ƙananan ƙudan zuma marasa harbi su lashi zuma, ko su kamo tururuwa. Ikon Allah ke nan a cikin ɗan wurin da bai kai wata unguwa ba.

Amma darasin da ya fi zauna mini a rai, a ƙasa na same shi. Saurayin ya tsuguna, ya ɗauki tsinke yana tona wani tsohon kashin dabba, ya zaro 'ya'yan itace manya-manya ya jera a kan ganye. Ya ce, "Baba, ka ga wannan? Babu tsuntsun da zai iya haɗiye shi. In ba babban biri ya ci ya kai shi nesa ba, gindin uwarsa zai faɗi, ƙwari su cinye, ko inuwa ta kashe shi."

Ku tsaya mu ɗan juya wannan magana, masu sauraro, domin ita ce zuciyar al'amarin. Itace ba ya tafiya. Ɗansa kuwa dole ya bar gindinsa kafin ya rayu. Saboda haka kowane babban itace a kurmi yana da ɗan aikensa. Wani iska ke kai masa, wani tsuntsu, wani jemage, wani biri. Masu manyan ƙwallaye kuwa sai mai babban baki. Har gafiya, wadda mu a gida ba mu ɗauke ta a bakin komai ba sai ɓarna a rumbu, a can ma'aikaciya ce. Akwai wani itace mai 'ya'ya kamar goro. Gafiya ke kwasar su ta binne a wurare daban-daban don ajiyar gaba, ta ci wasu ta manta da wasu, waɗanda ta manta su tsiro. Ɗalibai sun tabbatar da haka ta hanyar ɗaura zare a jikin 'ya'yan, su dawo da safe su bi zaren su ga inda aka kai su. To idan maharbi ya ɗana tarkon waya ya kama gada ko biri, abin da yake gani nama ne na kwana biyu. Abin da ba ya gani shi ne itatuwan da ba za a shuka ba. Kurmi zai iya tsayawa shekara hamsin yana kore, kowa na yaba shi daga nesa, alhali ya daina haihuwa.

Ba zato nake faɗa ba. A shekarun 1970 wani jami'in gandun daji, Jim Chapman, ya zagaye dazuzzukan tsaunukan wannan yanki da ƙafa yana tattara bayanin itatuwansu. A 2002 'yarsa, Hazel Chapman, malama a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, ta dawo da ayari suka bi sawunsa don ganin abin da ya canza cikin shekara talatin. Sun tarar da itatuwan Ngel Nyaki na nan, amma manyan dabbobi sun ragu matuƙa, shanu da wuta kuma na cin gefen dajin. Daga wannan tafiya aka haifi shirin binciken dazuzzukan tsaunukan Najeriya, aka gina tashar da na kwana a cikinta, kuma ɗalibai daga jami'o'inmu, musamman Jami'ar Jihar Gombe, suka riƙa zuwa yin karatun digiri a kan abin da ke cikinsa. A wajejen 2014, tare da cibiyar Smithsonian ta Amurka, aka yanki fili kadada 20 a cikin kurmin, aka bi duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1 aka auna shi, aka rataya masa lamba, aka sa shi a taswira. An sami kimanin itatuwa 40,000, iri fiye da 100. Ana komawa bayan 'yan shekaru a sake aunawa, a ga wanda ya girma, wanda ya mutu, wanda ya tsiro.

Wa ya yi wannan aikin da hannu? Wa ya rarrafa a gangare cikin ruwan sama yana ɗaura lamba 40,000? Akasari matasan Yelwa ne da ƙauyukan kusa. Su ne ke fita kowane wata su duba itatuwan da aka yi wa alama, su rubuta wanda ya yi fure, wanda ya yi 'ya'ya, wanda ya zubar da ganye. Saurayin da ya raka ni yana kiran sunan itace da Fulatanci, ya faɗa da Hausa in akwai, sannan ya kawo sunansa na kimiyya ba tare da gargada ba. Ga abin da na ce yana cina: takardar 1969 ba ita ke riƙe da wannan kurmi ba. Gandayen daji nawa ne a Arewa ke da irin wannan takarda, yau kuma ko kututture babu a cikinsu? Abin da ke riƙe da Ngel Nyaki shi ne akwai mutanen da ke kwana a gefensa, suna shigarsa kullum, suna cin abinci ta dalilinsa, sun san in wani ya ɗana tarko jiya da dare. Duk baƙon da ya je ya yaba itatuwa ya manta da waɗannan mutane, bai fahimci abin da ya gani ba.

Yanzu mu zo kan wuta da shanu, kuma ina roƙon a saurare ni da adalci, domin nan ne ake saurin ɗora wa wani laifi. Tsaunin Mambila aljannar makiyayi ce: ga sanyi, ga ruwa, ga ciyawa, babu tsando. Shi ya sa tun a ƙarnin da ya wuce Fulani suka hau da dukiyarsu, suka tarar da Mambilawa da sauran ƙabilu na noma a kwaruruka. Jama'a ta ƙaru, shanu sun ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Rikicin fili ya ci rayuka a kan tsaunin nan fiye da sau ɗaya, har da na 2017, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba. Idan rani ya yi, ciyawa ta bushe ta yi tauri, sai a cinna mata wuta don sabon toho ya fito shanu su samu. Makiyayin da ya yi haka ba mugu ba ne, dabbarsa yake ceto. Amma wuta ba ta san iyakar gandu ba. Takan gangaro har bakin kurmi, ta lashe ƙananan itatuwan da ke ƙoƙarin fitowa, ta ƙona ɓawon manya. Bana ta ci taku biyu, baɗi taku uku. Shanu kuma su shiga neman inuwa da ruwa, su tattake tsiro, su buɗe hanya, iska mai zafi ta bi ta busar da ciki.

An nuna mini abin da ke faruwa idan aka ɗaga wa ƙasa ƙafa. Akwai wuraren da aka kewaye da shingen waya a gefen dajin, ana share layi a kewayensu kafin lokacin ƙuna don kada wuta ta tsallaka. A waje ciyawa ce guntuwa mai tauri da ƙasa jajir da kofato ya daddaɓe. A ciki kuwa ciyawa ta kai ƙugu, ƙananan itatuwa sun fara ɗagowa, wasu tsuntsaye ne suka kawo irinsu, wasu daga wurin rainon itatuwa na tashar aka ɗauko aka dasa. Gani ya kori ji. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: duk kadadar da aka kewaye, kadada ce da wani ya saba kai shanunsa. Shinge ba ya tsayawa da ƙarfin waya. Yana tsayawa ne idan an zauna da ardo da jauro an yi magana, an nuna wa makiyayi inda zai bi ya kai ga ruwa, ɗansa ma ya sami aiki a cikin masu gadi ko gurbi a makaranta. Wanda ya ce a kori makiyaya kawai a huta, bai taɓa kiwon ko akuya ba. Wanda kuma ya ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama, ya je ya tambayi makiyayin da kansa inda shanunsa ke shan ruwa a watan Fabrairu.

Domin amsar ita ce: a ƙoramun da ke fitowa daga kurmi. Na tsuguna a bakin ɗaya na sha da tafin hannu, sanyinsa har cikin haƙori. Ganyen itatuwa na tare gajimare ya ɗiga ƙasa ko ba a yi ruwa ba. Ruɓaɓɓen ganyen da ke shimfiɗe na shanye ruwan damina kamar soso, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har ƙarshen rani. Inda aka share daji kuwa, ruwa kan zo gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa ya yi ja, bayan wata biyu rafi ya ƙafe. Daga waɗannan tsaunuka kogin Donga da kogin Taraba ke tasowa, su zuba a Binuwai, Binuwai ta sadu da Neja a Lakwaja. Shekaru gommai ke nan muna jin labarin tashar lantarki ta Mambila, wadda aka tsara za ta ba da megawat 3,050. Ra'ayina shi ne duk wanda ya buɗe baki zai yi maganar madatsar ruwa a wannan yanki, wajibi ne ya haɗa da maganar kurmi, domin madatsa tara ruwa take yi, ba ta haifar da shi, kuma laka ce ke cike ta idan gangare ya zama tsirara.

Mu Hausawa ya kamata wannan magana ta fi taɓa mu, domin mun san ƙarshen labarin. Kasuwar Kurmi a Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a gefen Jakara take, kuma sunanta na faɗa mana abin da ke wurin a da. Kurmin Mashi a Kaduna yau gidaje ne da kwalta. Ku duba garuruwanku, za ku sami unguwa ko ƙauye mai suna kurmi kaza, inda yaron da aka haifa a wurin bai taɓa ganin inuwar da rana ba ta ratsawa ba. Sunan ya rage, kurmin ya tafi. A Mambila har yanzu suna da sunan da abin, kuma Kurmin Danko da bakinmu aka raɗa masa suna.

Shi ya sa nake cewa ku je. Malaman makarantu, ku kai ɗalibai. Masu hali da ke kashe kuɗi su tafi ƙasashen waje neman sanyi da kore, ga shi a gida. Amma ku je a matsayin baƙi, kada ku je kamar masu gida. Wurin ba filin shaƙatawa ba ne, babu otal, babu mai sayar da lemo. Gandu ne da tashar aiki. A nemi izini wurin hukumar gandun daji ta jihar da masu kula da tashar tun kafin a taso, a kuma tambayi halin da hanya ke ciki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiya ta fi sauƙi, domin damina a can doguwa ce, tana kamawa tun wajejen Maris har Oktoba, kuma in ta sauka gangaren nan sai gwani. A sa takalmi mai kama ƙasa. Kada a shiga ba ɗan jagora, kuma idan ya gama a sallame shi da mutunci, ba da ragowar canji ba, domin iliminsa aka saya. Wanda ke fama da mura ko tari ya haƙura ya tsaya a sama, saboda cimfanzi na ɗaukar cutar numfashi daga mutum, kuma abin da zai kwantar da kai kwana uku yana iya kashe shi. A garken da bai kai 20 ba, ɗaya ma babban rashi ne. Kada a ɓantari ɓawon itace wai za a kai tsaraba ta magani. A tsaunukan wannan yanki da na Kamaru akwai itacen da ake kira Prunus africana, wanda ake haɗa maganin ciwon mafitsarar maza da ɓawonsa, kuma saɓar da aka yi masa ta kai sai da aka sa cinikinsa ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. Leda da robar ruwa kuwa, yadda ka shiga da su haka za ka fito da su. Na taɓa zuwa wani wurin shaƙatawa mai ruwa a ƙasar nan na tarar da bakin ruwan fari fat da leda, na dawo da baƙin ciki. A Ngel Nyaki ban ga ko ɗaya ba, kuma ba na so a ce daga bakina wanda zai fara yar da ita ya ji labarin wurin.

Ranar da zan tafi na tashi tun kafin alfijir. Ruwan alwala kamar ƙanƙara. Bayan salla na zauna a bakin gangaren na rufa da bargo, kwarin duk ya cika da farin gajimare, ba a ganin itace ko ɗaya, sai kukan tsuntsaye ke tasowa daga ciki, can ƙasa kuma wani biri na kiran 'yan'uwansa. Rana na ɗagowa gajimaren ya fara yayewa, kawunan itatuwa suka riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya. Sai ga matasan sun iso daga Yelwa, ƙafafun wandonsu jiƙe da raɓa. Biyu suka ɗauki littafi da abin awo suka gangara. Saurayin da ya raka ni kuwa ya ɗora daro a ka, cike da dashen itatuwa a baƙaƙen ledojin raino, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba, zai kai su cikin shinge. Na tambaye shi nawa ke rayuwa cikin waɗanda suke dasawa. Ya ce, "Ba duka ba, Baba. Inda ya mutu sai mu sake sa wani." Ya yi mini Allah Ya kiyaye hanya, ya wuce yana dafe da daron da hannu ɗaya.

Na kama hanyar Yelwa, na sami mota zuwa ƙasa. A Mayo Selbe na tuɓe rigar sanyin na cusa a jaka, zafin da na sani ya tarbe ni.